Yadda Pepin Ya Karɓe Sarautar Farankawa a Shekarar 751

A ƙarshen shekarar 751 manyan Farankawa suka taru a garin Soissons, a arewacin ƙasar Faransa ta yau, suka ɗora Pepin ɗan Charles Martel a kan gadon sarauta. Sarkin da ke kan gadon, Childeric na Uku, ba a yi yaƙi da shi ba, ba a kuma kashe shi ba. Aske masa kai aka yi, aka kai shi gidan zuhudu na Saint-Bertin, ɗansa Theuderic kuma aka kai shi wani gidan zuhudun a Saint-Wandrille. Da wannan askin sarautar zuriyar Merovech ta ƙare, kimanin shekara 270 bayan hawan Clovis, wanda ake cewa jikan Merovech ne, kuma shi ya haɗa kan Farankawa. Pepin ba ɗan sarki ba ne, ba kuma jikan sarki ba. Wazirin fada ne, kamar yadda ubansa da kakansa suka riƙe muƙamin kafinsa. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, ƙarfin ƙasar ya koma hannun gidansu tun 687, amma sai da aka yi shekara 64 kafin wani daga cikinsu ya yarda a kira shi sarki. Dalilin wannan jinkiri, da hanyar da Pepin ya bi ya kawo ƙarshensa, su ne ainihin batun.

Clovis ya gaji ubansa Childeric na Ɗaya a wajajen 481, lokacin da daular Roma ta yamma ta riga ta wargaje. A 486 ya ci Syagrius, shugaban Romawan da suka rage a yankin, da yaƙi a Soissons, a 507 ya karya Bisigotawa, masu mulkin kudancin Faransa ta yau da Sifen, a Vouillé, Bishop Remigius kuma ya yi masa baftisma a Reims, ya shiga ɗariƙar Katolika da matarsa Clotilde take bi. Tun daga lokacin Farankawa ba su san wani sarki ba sai daga tsatsonsa. Alamar gidan kuwa gashi ne. 'Ya'yan sarauta ba sa aski, suna barin gashinsu ya zubo har kafaɗa, sauran jama'a kuma su rage nasu, don haka wanda aka aske daga cikinsu ya fita daga layin gado. Gregory, bishop na Tours, wanda ya rubuta tarihin Farankawa a ƙarni na shida, ya kawo labarin da ke nuna nauyin wannan al'ada. Bayan an kashe Chlodomer ɗan Clovis a yaƙi a 524, 'ya'yansa ƙanana suka koma hannun kakarsu Clotilde. Baffanninsu biyu, Childebert da Chlothar, suka karɓi yaran da sunan za su naɗa su, sannan suka aika wa tsohuwar da manzo riƙe da almakashi da takobi tsirara, wai ta zaɓa musu. Cikin ɓacin rai ta ce in dai ba za su hau gado ba, gara ta ga gawarsu da ta gan su a aske. Aka kashe biyu. Na ukun, Chlodoald, ya tsira, daga baya ya aske kansa da hannunsa ya zama malamin coci, shi ne aka sa wa garin Saint-Cloud da ke kusa da Faris sunansa.

Farankawa suna raba ƙasa tsakanin 'ya'yan sarki kamar yadda ake rabon gado, kuma daga wannan rabon ne aka samu manyan sassa uku: Austrasia a gabas, Neustria a yamma, da Burgundy a kudu maso gabas. Kowane sashe yana da fadarsa, kowace fada tana da wazirinta, wanda asalin aikinsa kula da gandayen sarki da ma'aji da barorin gida ne. Bayan rasuwar Dagobert na Ɗaya a 639 aka shiga zamanin da sarakuna suke hawa suna yara, da yawansu kuma suna mutuwa ba su yi nisa a shekaru ba. Yaro ba ya jagorantar runduna, ba ya raba filaye, saboda haka duk mai neman gona ko muƙami ko shari'a sai ya bi ta ƙofar waziri. A Austrasia gidan da ya fi kowa cin moriyar wannan hali shi ne wanda ya fito daga haɗin auren zuriyar Arnulf, bishop na Metz, da ta Pepin na Landen.

Wannan gida ya taɓa gwada ƙwace gadon, kuma bai ji da daɗi ba. Da Sarki Sigebert na Uku ya rasu a wajajen 656, wazirinsa Grimoald ɗan Pepin na Landen ya sa aka aske ƙaramin ɗan sarkin, Dagobert, aka kai shi tsibirin Ailan, ya ɗora ɗansa na cikinsa a kan gado da hujjar cewa marigayi sarki ya ɗauke shi ɗa. Manyan Neustria suka kama Grimoald suka kai shi Faris, aka kashe shi a can saboda ya ci amanar ubangidansa. Dagobert kuwa an dawo da shi bayan kusan shekara ashirin ya yi sarauta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ɗan 'yar'uwar Grimoald, Pepin na Herstal, ya ci rundunar Neustria a Tertry a 687, Sarki Theuderic na Uku da taskarsa suka shiga hannunsa, amma ya bar sarkin a kan gadonsa, ya ci gaba da mulki da sunansa.

Daga nan ne aka samo labarin ragwayen sarakuna, wanda har yau ake karantar da shi. Tushensa Einhard ne, wani malamin fadar Charlemagne, ɗan Pepin da aka naɗa a 751, wanda ya rubuta tarihin ubangidansa bayan rasuwarsa a 814. Ya ce sarkin ƙarshen zamanin ba shi da komai sai suna: yana zaune a kan karaga da dogon gashi da gemu, yana karɓar jakadu yana ba su amsar da aka koya masa, bai mallaki komai ba sai gandu ɗaya mai ƙarancin amfani, kuma duk inda za shi a keken shanu ake jansa, wani baƙauye yana kora. Hoto ne mai kama zuciya, amma mai zana shi yana cin tuwon gidan da ya ƙwace sarautar ne, kuma ya yi rubutun fiye da shekara sittin bayan aukuwar abin. Takardun shari'a na ainihi da suka tsira suna faɗin wani abu daban. A 697 Sarki Childebert na Uku ya yanke hukunci a kan Drogo, ɗan Pepin na Herstal kansa, a rikicin wani fili da wani gidan zuhudu. A wajajen 710 kuma ya yanke wa ɗaya ɗan Pepin ɗin, Grimoald ƙarami, wanda yake wazirin Neustria a lokacin, hukunci a kan kuɗin shigar kasuwar shekara ta gidan zuhudun Saint-Denis da ke kusa da Faris. Sarkin da zai ba 'ya'yan mai ƙarfin ƙasa rashin gaskiya a gaban jama'a bai kai lalacewar da Einhard ya zana ba. A ganina an zalunci waɗannan sarakuna a tarihi, domin fadarsu ita ce kaɗai wurin da manyan ƙasar suke yarda su haɗu a matsayin tsara, ba tare da wani ya rusuna wa wani ba.

Wannan shi ne abin da ya ɗaure hannun gidan Pepin. Manyan Farankawa suna iya jure wa waziri mai ƙarfi saboda a takarda shi ma bara ne kamarsu. Ranar da ya ce shi ne sarki, ya ɗaga kansa sama da mutanen da suke ganin asalinsu bai gaza nasa ba. Rikicin da ya biyo bayan rasuwar Pepin na Herstal a watan Disamba na 714 ya nuna cewa ƙarfin gidan ma ba tabbatacce ba ne. Uwargidansa Plectrude ta tsare Charles, ɗan kishiyarta, a Cologne, don jikokinta su gaji muƙamin, mutanen Neustria kuma suka yi tawaye suka zaɓi nasu wazirin. Charles ya kuɓuta, ya yi nasara a Amblève a 716 da Vincy a 717, kuma ko shi sai da ya nemo wani ɗan gidan Merovech ya naɗa don ya samu sunan da zai yi yaƙi a ƙarƙashinsa. Shi ne daga baya aka yi wa laƙabi da Martel, kuma shi ne ya tare rundunar Musulmin Andalus tsakanin Tours da Poitiers a 732, inda gwamnan Andalus Abdurrahman al-Gafiƙi ya rasa ransa, yaƙin da malaman tarihin Larabawa suke kira Balaɗus Shuhada.

Da Sarki Theuderic na Huɗu ya rasu a 737, Charles bai naɗa kowa ba, bai kuma hau ba. Ya bar gadon a wofi har ya mutu a watan Oktoba na 741. Wata takardar kyauta da ya ba Saint-Denis dab da mutuwarsa an rubuta kwanan watanta da cewa shekara ta biyar bayan rasuwar Sarki Theuderic, wato har lissafin shekaru da sunan mataccen sarki ake yi. Akwai kuma wani mataki da ya ɗauka a shekarun nan wanda ke nuna inda hankalinsa yake. Ya aika ɗansa Pepin wurin Liutprand, sarkin Lambadawa na Italiya, wanda ya yanke masa gashi bisa al'adarsu ya ɗauke shi ɗa. Ta haka Pepin ya zama ɗan wani sarki, ko da na riƙo ne. Saboda wannan abota ne, da kuma taimakon da Liutprand ya ba shi a yaƙin Provence, Charles ya ƙi amsa kiran Paparoma Gregory na Uku a 739, lokacin da ya aiko masa da makullan kabarin Bitrus, almajirin Annabi Isa, yana neman ya kare Roma daga Lambadawa.

'Ya'yan Charles biyu, Carloman da Pepin, suka raba ƙasar, suka tsare ƙanensu Grifo wanda uwarsa daban ce. Nan take manyan hakiman gefe suka ɗaga kai, Hunald a Aquitaine, Odilo a Bavaria, da shugabannin Alamanawa. Hujjarsu a fili take, cewa su barorin sarki ne, ba barorin waziri ba, kuma babu sarki. Shi ya sa a 743 'yan'uwan biyu suka nemo Childeric na Uku suka ɗora shi. Wata takardarsa ta 744 ta ambaci Carloman a matsayin wanda ya ɗora shi a kan gadon mulki, kalamin da babu wani sarki mai iko da zai sa wa hannu. Duk da haka naɗin kansa shaida ne cewa, shekara takwas kacal kafin juyin, gidan Pepin bai iya riƙe ƙasar ba sai da inuwar gidan Merovech.

Abin da ya sauya lissafi ya faru ne a cikin gida. A 746 Carloman ya tara manyan Alamanawa a Cannstatt ya sa aka kashe da yawansu, a 747 kuma ya ajiye mulki ya tafi Italiya ya shiga zuhudu, da farko a dutsen Soracte, daga baya a Monte Cassino. Ya bar ɗa mai suna Drogo wanda yake da haƙƙin gadon rabon ubansa. Grifo kuma ya samu 'yanci ya gudu wurin Saksonawa, daga can ya wuce Bavaria yana tara magoya baya. A daidai wannan lokaci matar Pepin, Bertrada, ta haifa masa ɗa namiji, Charles, wanda duniya ta sani da Charlemagne. Muddin muƙamin gidan wazirci ne, Drogo da Grifo suna da hujja daidai da ta Pepin, domin dukkansu jinin Charles Martel ne. Idan kuwa Pepin ya zama sarki, ya fita daga sahunsu, kuma 'ya'yansa kaɗai ne 'ya'yan sarki. Na fi karkata ga cewa 'yan'uwan nan ne suka hanzarta juyin, ba Childeric ba, wanda ba shi da runduna ko ta mutum ɗari.

Sai dai ana bukatar wata murya daga waje da za ta halatta abin da Grimoald ya mutu a kansa. Kundin tarihin shekara-shekara na fadar Farankawa ya ce Pepin ya aiki mutum biyu zuwa Roma, Burchard bishop na Würzburg da Fulrad limamin fada, su tambayi Paparoma Zakariya game da sarakunan Farankawa waɗanda ba su da ikon sarauta, ko hakan daidai ne ko ba daidai ba. Zakariya ya amsa cewa gara a kira wanda yake da iko sarki, da a kira wanda ba shi da shi, don kada tsari ya rikice, ya kuma ba da umarni a naɗa Pepin. Duk wanda ya duba tambayar zai ga an gina ta ne yadda amsa ɗaya kawai za ta karɓa. Ba a tambaya ko ya halatta bara ya tuɓe ubangidan da ya yi wa rantsuwa ba. Ba a kuma faɗi wanda ya raba sarkin da ikonsa tun farko ba. Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan kundi an rubuta shi ne a zamanin Charlemagne, kusan shekara arba'in bayan lamarin, kuma tarihin rayuwar Zakariya da aka rubuta a Roma bai ambaci aiken ba ko kaɗan. Saboda haka wasu masana na zamani suna shakkar ko an yi shi yadda aka faɗa. Amma wani tarihin da baffan Pepin, Childebrand, ya ɗauki nauyin rubutawa, wanda ya fi kusa da lokacin, shi ma ya ce an aika Roma an samu izini, sannan aka naɗa Pepin da zaɓen dukkan Farankawa da keɓewar bishop-bishop da mubaya'ar manya, tare da Bertrada.

Roma tana da nata dalilin. A wannan shekara ta 751 Aistulf, sabon sarkin Lambadawa, ya ci Ravenna, cibiyar mulkin sarkin Rumawa na Ƙusɗanɗiniyya a Italiya, ya juyo da fuskarsa Roma. Sarkin Rumawan yana fama da nasa yaƙe-yaƙe a gabas, ga kuma saɓani tsakaninsa da paparoma a kan girmama hotuna a coci. Paparoma yana neman takobi, kuma babu wanda ya kai na Farankawa a yammacin Turai.

Sabon abin da gidan Pepin ya shigo da shi cikin naɗin sarautar Farankawa shi ne shafa wa sarki tsarkakken mai. Bisigotawan Sifen sun riga su yin haka, amma tushen da malaman coci suke dubawa Tsohon Alkawari ne, inda annabi Sama'ila (Samuel) ya shafe Saul ya zama sarkin Isra'ila, sannan ya shafe Dawuda alhali Saul yana raye yana kan gado. Darasin da ke ciki ya dace da bukatar Pepin sarai, cewa Allah yana iya ɗauke sarauta daga wani gida ya ba wani, kuma hannun malamin addini ne yake nuna hakan. Kundin fada ya ce Boniface, babban mai wa'azin nan ɗan Ingila, shi ya shafe Pepin a Soissons, ko da yake wannan ma ana gardama a kansa. Abin da babu gardama a kai shi ne na shekara uku bayan haka.

Zakariya ya rasu a watan Maris na 752. Magajinsa Istifanus na Biyu ya je Pavia, babban birnin Lambadawa, ya roƙi Aistulf bai samu komai ba, sai ya haye tsaunukan Alps cikin hunturu, abin da babu wani paparoma da ya taɓa yi don zuwa ƙasar Farankawa. Pepin ya tura ɗansa Charles, yana ƙaramin yaro, ya tarye shi a hanya, suka haɗu a fadar Ponthion ranar 6 ga Janairu, 754. Marubucin Roma ya ce Pepin ya fito wajen mil uku, ya sauka daga doki ya faɗi ƙasa, sannan ya yi tafiya a ƙasa a gefen dokin paparoma kamar mai riƙon linzami. Marubucin Farankawa kuma ya ce washegari paparoma da malamansa ne suka sa tsummoki suka zuba toka a ka, suka kwanta a gaban sarki, suka ƙi tashi sai da ya miƙa musu hannu ya yi alkawarin taimako. Kowane ɓangare ya rubuta durƙuson ɗayan ya tsallake nasa, kuma babu abin da zai hana a ce duka biyun sun faru, domin kowannensu yana cikin matsananciyar bukatar ɗan'uwansa.

A cikin wannan hali sai ga Carloman ya fito daga Monte Cassino, bisa roƙon Aistulf, ya zo ya hana ƙanensa yaƙar Lambadawa. Akwai manyan Farankawa da ke tare da ra'ayinsa. Einhard kansa ya ce wasu daga cikin mashawartan Pepin sun fito fili sun ce za su bar sarki su koma gidajensu. Aka tsare Carloman a wani gidan zuhudu a Vienne inda ya mutu ba da daɗewa ba, aka aske 'ya'yansa. Grifo kuwa an riga an kashe shi a 753 a kan hanyarsa ta zuwa Italiya. Ranar 28 ga Yuli, 754, a cocin Saint-Denis, Istifanus ya shafe Pepin da 'ya'yansa biyu, Charles da Carloman ƙarami, ya ba su laƙabin masu kare Romawa, ya sa wa Bertrada albarka. Wata gajeriyar takarda da aka rubuta a Saint-Denis ta ƙara da cewa ya haramta wa manyan Farankawa, bisa barazanar korar su daga coci, su taɓa zaɓen sarki daga wani tsatso in ba na Pepin ba. Wannan haramci bai shafi gidan Merovech kaɗai ba, ya rufe ƙofa ga duk sauran jikokin Charles Martel.

Pepin ya biya bashin da yaƙi biyu a Italiya. Bayan na farko Aistulf ya yi rantsuwa ya karya, ya kewaye Roma a farkon 756, Pepin ya sake hayewa ya tilasta masa. Jakadun Ƙusɗanɗiniyya suka same shi suka nemi a mayar wa sarkinsu Ravenna da garuruwanta, tunda nasa ne tun asali. Pepin ya ƙi, ya ce bai fito yaƙi don wani mutum ba sai don ƙaunar Bitrus da neman gafarar zunubansa. Fulrad, wanda aka ce shi ya kai tambayar farko, shi ne ya bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya ya karɓi makullansu, ya ajiye su tare da takardar kyautar a kan kabarin Bitrus. Daga nan paparoma ya zama mai mulkin ƙasa a tsakiyar Italiya, mulkin da ya ɗore har 1870. Abotar Farankawa da Lambadawa, wadda Charles Martel ya ƙi sayarwa a 739, ta mutu, har Charlemagne ya ci Pavia a 774 ya ɗauki sarautarsu.

Sauran shekarun Pepin a kan doki suka ƙare. Ya karɓi Narbonne daga hannun Musulmin Andalus a 759, ya shafe shekara takwas yana yaƙi da Waiofar na Aquitaine, ya kuma yi musayar jakadu da halifa al-Mansur na Bagadaza, wanda gidansu na Abbasiyawa shi ma bai daɗe da kawar da Umayyawa ba, a 750. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 768, a Saint-Denis, aka raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa biyu bisa tsohuwar al'adar da ya tarar, ba tare da wani ya ta da maganar gidan Merovech ba. Shekara goma bayan haka, a 778, aka haifa wa Charlemagne tagwaye, ya sa musu Louis da Lothar, wato sunayen Clovis da Chlothar yadda bakin mutanen zamanin ya mayar da su. Louis ne ya gaje shi a 814, kuma sunan ya bi sarakunan Faransa har zuwa ƙarni na sha tara.